Ayarin Babura A Hanyoyin Neja: Gajiyar Mahayi Da Cinikin Da Ke Cikinta

MINNA. Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a shataletalen Kpakungu, ko a bakin hanyar Maitumbi, ko kuma wajen Chanchaga kafin rana ta ɗaga, zai ga babura suna fita gari jere da juna, huɗu, biyar, wani lokaci har goma, kowanne an ɗaure masa buhu ko jarka ko kwali da igiyar roba. 'Yan kasuwa ne da dillalan amfanin gona, sun nufi Paiko da Gwada da Kuta inda ake hada-hadar doya, ko Beji a hanyar Zungeru, ko kuwa Kataeregi a hanyar Bida. Ba su kiran abin da suke yi yawon buɗe ido, amma a mako guda wasunsu kan ci tazarar da ta kai daga Minna zuwa Legas.

A ƙarshen mako kuwa akan ga wani ayarin dabam. Manyan babura ne masu ƙarar tsawa, na ƙungiyoyin masu sha'awar hawa da suka yawaita a Abuja da Legas da wasu manyan biranen ƙasar nan, mahayansu sanye da hular kwano da rigunan kariya da takalma masu tsada. Dutsen Zuma da ke Madalla, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, da kuma Magangarar Ruwa ta Gurara da ke ratse kaɗan daga hanyar Suleja zuwa Minna, su ne wuraren da suka fi kusa ga mai fitowa daga Abuja. Kuɗin babur ɗaya daga cikin waɗannan zai sayi babura da dama irin na masu zuwa cin kasuwar Gwada. Duk da haka, idan aka yi sa'o'i uku ana tafiya, ƙorafin ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: ƙugu ya riƙe, mazaunai sun yi zafi, yatsu sun sage, wuya ya ƙage, ido ya yi ja.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan gajiya a matsayin abin da namiji zai jure kawai. Ga ɗan kasuwa kuwa lissafin ya wuce haka, domin mahayin da ya gaji shi ne ke makara a kasuwa har farashi ya kuɓuce masa, shi ne ke faɗa wa ramin da ya gani da idonsa, shi ne kuma ke kwana biyu a gida yana jinyar baya. Jin daɗin mahayi haja ce da ake iya ƙerawa a sayar, kuma bisa ga dukkan alamu masu sana'a a Minna ba su ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba.

Faɗin jihar kansa shi ne dalili na farko. Jihar Neja, wadda aka kafa a shekarar 1976, ita ce mafi girman ƙasa a duk jihohin Nijeriya, da murabba'in kilomita sama da 76,000. Daga Minna zuwa Bida kilomita 80 da 'yan kai ne, zuwa Suleja kimanin 100, zuwa Kontagora ta Zungeru da Tegina kuwa kusan 200. New Bussa da Madatsar Ruwa ta Kainji sun fi haka nisa ƙwarai. A kan takarda wannan ba wata tafiya ba ce. Sai dai hanyar Suleja zuwa Minna, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun shekarar 2010, ta shafe shekaru aikinta na jan ƙafa, yayin da tireloli da tankokin mai masu zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa suka riƙa niƙe kwaltar hanyoyin jihar. Kilomita 100 a kan hanya mai ramuka ya fi kilomita 200 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya cin jiki, kuma wannan kowane direba ya san shi.

Dalili na biyu shi ne irin baburan da ake hawa. Mafi yawansu ƙanana ne masu silinda ɗaya, masu ƙarfin injin da bai wuce 100 zuwa 150 ba a ma'aunin cc, irin su Bajaj Boxer da TVS na Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, da Honda Ace wanda kamfanin Honda ya fito da shi a Nijeriya a shekarar 2011. An ƙera su ne don jure kaya da ƙarancin shan mai da sauƙin gyara, kuma a nan sun cika alkawari. Amma injin mai silinda ɗaya yana da kaɗawa, idan aka matsa masa wuta kuma kaɗawar na bi ta ƙarfen kan babur ta shiga tafin hannu, ta bi ta wurin ɗora ƙafa ta shiga gwiwa. Wannan ne ke sa yatsu su mutu bayan sa'a guda, har mahayi ya kasa jin nauyin birkin da yake matsawa. Maganinsa ba ya da tsada: robar riƙo mai kauri, safar hannu mai ɗan soso a tafi, da rage ƙarfin damƙa, domin sabon mahayi yakan riƙe kan babur kamar wanda za a ƙwace masa.

Inda maganar ta fi faɗi shi ne sirdi. Dogon sirdin Boxer an yi shi ne shimfiɗe don ya ɗauki mahayi da fasinja da kaya, ba don mutum ɗaya ya zauna a kansa yini guda ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai wa mai ɗinkin kushin a ce ya ƙara soso mai laushi. Da farko sai a ji kamar katifa, amma soso mai laushi yakan lotse cikin rabin sa'a, nauyin mutum duka ya koma kan ƙasusuwan mazaunai guda biyu, su kuma su tarar da ƙarfen ko robar da ke ƙasa. Abin da masu doguwar tafiya a duniya suka gano shi ne sirdi mai ɗan tauri, mai faɗi a wurin zama, an ɗan kwarfe tsakiyarsa don nauyi ya bazu har zuwa cinyoyi, sa'an nan a siranta gabansa don ƙafa ta kai ƙasa idan an tsaya. Akan sa soso mai tauri a ƙasa, a ɗora siririn mai laushi a sama. Haka kuma bai kamata sirdi ya gangara gaba ba, domin mahayi zai riƙa zamewa wajen tanki, ya yi ta tokare kansa da hannu, ciwon ya koma kafaɗa.

Sai kuma rufin. Baƙar ledar roba da ake lulluɓe sirdi da ita tana shan rana ta yi zafi kamar tanda, ba ta kuma barin gumi ya bushe, gumi da gugar wando kuwa su ke haddasa ƙuraje da saɓulewar fata. Abin mamaki, abin da mahaya a Ostareliya da Amurka ke saye da tsada don maganin wannan shi ne fatar tunkiya mai gashi, wato dai buzun da ke rataye a kowace kasuwar ƙasar Hausa. Gashin yana barin iska ta ratsa, yana tsotse gumi, yana kuma rage guga. Aibinsa ɗaya ne, idan ruwan sama ya jiƙa shi yakan daɗe bai bushe ba, don haka da damina sai a yi masa maɗauri da za a iya cirewa. Dukawan da suka gaji yi wa dawakin sarakuna kayan sirdi ba su buƙatar wani malami daga waje ya koya musu wannan aiki. Abin da ya rage shi ne wani ya auna sirdin baburan da aka fi hawa, ya yanka buzu daidai da su, ya ajiye a shagon kayan gyara kusa da filogi da bakin mai.

Bayan sirdi sai iska da rana. Ƙarfin iskar da ke dukan ƙirjin mahayi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iskar na ninkawa sau huɗu. Mai gudun kilomita 100 a sa'a yana kokawa da iska ninki huɗu na mai gudun 50, kuma wuyansa da hannuwansa ne ke biyan kuɗin. Shi ya sa manyan baburan tafiya ke zuwa da gilashin tare iska a gaba. Ƙarar iskar a cikin kunne ma wata gajiyar ce da ba a lura da ita sai an sauka an ji kai na sarawa.

A watannin Maris da Afrilu zafin Minna da Bida kan doshi digiri 40 a ma'aunin Selsiyas. A irin wannan yanayi iskar ta fi fatar mutum zafi, saboda haka mai tuɓe riga ya hau da singileti don ya sha iska, zafi yake ƙara wa kansa. Gumi kuma na bushewa nan take, mahayi bai san ruwan jikinsa na ƙarewa ba sai ya fara jin jiri da jinkirin tunani. Abzinawa da ke ratsa hamada sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke lulluɓe jiki duka. Riga mai dogon hannu mai haske, da ƙyalle jiƙaƙƙe a wuya, da kurɓar ruwa a kowane zango tun kafin ƙishirwa ta zo, sun fi kowane maganin ƙarfi da ake sha a tasha. Da hunturu kuwa matsalar ta juya: sanyin asuba na sandarar da hannu, hazo na rage gani, ƙura na toshe matatar iskar injin. Da damina ruwa kan ɓoye ramuka, kuma kwalta ta fi santsi a farkon saukar ruwa, lokacin da ya taso da man da motoci suka zubar.

Game da hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanyawa daga ranar 1 ga Janairun 2009, kowa ya san yadda dokar ta kasance a aikace. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha wallafawa ya nuna cewa hula mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, da mummunan rauni a ka da kusan kashi 70. Hujjar masu ƙin ta ita ce zafi da nauyi, kuma gaskiya ne hular da ta yi wa kai yawa ko ta matse shi, marar ƙofofin iska, azaba ce a rana tsaka. A nan laifin har da na masu shigo da kaya, waɗanda suka fi kawo mafi araha, girma ɗaya ga kowa.

Duk wannan maganar mutum ɗaya ce. Da zarar an zama ayari sai wasu matsalolin su taso, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Fataken goro da suka riƙa tafiya daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19, waɗanda wasu hanyoyinsu suka ratsa ƙasar da ake kira Jihar Neja a yau kafin su ƙetare Kogin Kwara, ba su taɓa tashi ba sai da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, da zangon da aka sani tun kafin a ɗaura kaya. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin mahaya babur na Turai da Amurka suka rubuta a littattafansu ba su yi nisa da wannan ba: mutum ɗaya a gaba, gogagge ɗaya a can baya ɗauke da kayan gyara da na taimakon gaggawa, sabon shiga kuma a sa shi daf da na gaba.

Hikimar sa sabon shiga a gaba tana da dalili. Ayari kamar igiyar roba yake, yana miƙewa yana tsukewa. Idan na gaba ya wuce tirela ya ƙara wuta kaɗan, na biyu sai ya ƙara fiye da haka don ya cim masa, kafin a kai kan na takwas sai ya zama gudun fitar rai yake yi. Saboda haka na baya ya fi kowa wahala, kuma idan shi ne marar ƙwarewa, ko mai ƙaramin injin, ko mai goyo, kunya za ta hana shi cewa a dakata, har sai ya kai kansa inda ba ya iyawa. Mafi yawan shawarwarin masana sun tsaya a kan kada ayari ya wuce babura biyar zuwa bakwai, in ya fi haka a raba shi biyu, a haɗu a zango. A hanya mai kyau akan jera a karkace, na farko a ɓangaren hagu na layinsa, na biyu a dama, na uku a hagu, da tazarar daƙiƙa biyu tsakanin mutum da wanda ke gabansa kai tsaye. A hanya mai ramuka ko lanƙwasa kuwa sai a koma layi ɗaya a buɗe tazara, domin kowa na buƙatar faɗin hanyar duka don kauce wa rami, kuma wanda ya ga rami ya nuna wa na bayansa da ƙafa.

Zango ma da lissafinsa. Tankin da ya fi ƙanƙanta da ƙugun da ya fi saurin gajiya su ne ke yanke nisan da ayari zai yi kafin ya tsaya. Tsayawar minti goma bayan kowace sa'a ɗaya da rabi, a sauka a taka ƙasa, a sha ruwa, a taɓa sarƙa da taya da igiyar kaya, ta fi a yi sa'o'i huɗu a jere sa'an nan a zube a gindin bishiya. Kowa ya cika tanki a gidan mai ɗaya a lokaci ɗaya, don kada a yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ko a koma ga 'yan bumburutu da man da ba a san asalinsa ba. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga baya, kuɗin mai ya zama abin da ke raba abokan tafiya idan ba a yi maganarsa tun a gida ba. Kaya kuma a ɗaure mai nauyi ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar babur. Buhun da aka tura can bayan kariya yana ɗage tayar gaba, kan babur ya riƙa rawa, mahayi ya yini yana kokawa da shi.

Wanda ke ganin an cika tsanani a wannan lissafi sai ya dubi tafiyar Kunle Adeyanju, ɗan Nijeriyar nan na ƙungiyar Rotary da ya taso daga Landan a kan babur Honda CB500X ranar 19 ga Afrilun 2022 don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, ya ratsa Faransa da Sifen da Maroko da Muritaniya da Senegal da Mali, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu. Tafiyar ta haura kilomita 12,000 cikin kwana 41. Idan aka raba, kimanin kilomita 300 ke nan a kowace rana, a kan babur da aka ƙera musamman don doguwar tafiya. Wato abin da bai kai zuwa Kontagora da dawowa ba. Tun kafinsa an yi Olabisi Ajala, wanda ya zaga ƙasashen Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya a kan ƙaramin babur irin wanda ake kira Vespa daga ƙarshen shekarun 1950, ya kuma ba da labarin a littafinsa na 1963, har sunansa ya zama laƙabin duk mai yawan tafiya a ƙasar Yarbawa.

Akwai kuma wata matsalar da mahayin Turai bai santa ba, wadda a Jihar Neja ta fi ciwon ƙugu nauyi. A ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro da Munya da Mariga, ƙarar babura da yawa a lokaci ɗaya ta zama alamar tashin hankali, domin a kan babura 'yan bindiga ke kai hari. Sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara a watan Fabrairun 2021, da na 'yan makarantar Islamiyya a Tegina a ƙarshen watan Mayun wannan shekarar, duk a kan hanyar da ta tashi daga Minna ta Zungeru suka faru. A shekarar ce gwamnatin jihar, a zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, ta hana acaba a cikin Minna tare da ƙayyade lokacin zirga-zirgar sauran babura, daga baya kuma ta hana sayar da wasu nau'o'in ƙananan babura, saboda masu garkuwa da mutane sun koma neman babura a matsayin fansa. Dillalan babura da kanikawa da masu kayan gyara sun ji wannan a aljihunsu.

Abin da wannan ke nufi ga duk mai shirya ayari, na kasuwa ne ko na shaƙatawa, shi ne ya binciki dokar da ke aiki a lokacin tafiyarsa, ya sanar da jami'an tsaro, ya riƙe takardun babur da katin shaida, ya rage gudu ya ɗaga gilashin hula tun kafin ya isa shingen bincike ko na 'yan banga, kada kuma magariba ta same shi a daji. Baƙon ayarin da ya shiga ƙauye ba sallama zai iya tayar da hankalin gari duka, ya kuma jawo wa kansa abin da bai zata ba. Wuraren tarihi irin su Zungeru, wadda ta kasance hedikwatar Arewa a farkon mulkin Turawa kafin a koma Kaduna, da Madatsar Shiroro, da gandun dajin Kainji, suna da abin kallo, amma zuwa can shawara ce da ake yankewa da mutanen wurin a ranar tafiya.

Ta fuskar ciniki, abin da ke hannu a yanzu ya fi karkata ga ƙananan babura, domin su ne dubbai, su ne kuma ke kan hanya kullum. Mai ɗinkin kushin da ya ƙware a gyaran sirdi bisa nauyin mai shi, da mai shagon da ya kawo hular kwano girma uku ko huɗu masu ƙofofin iska, da bakaniken da ya san daidaita sifirin na baya gwargwadon kaya, kowannensu yana da masu saye a ƙofar shagonsa. Masu manyan babura kaɗan ne, amma hannunsu a sake yake, kuma buƙatunsu sanannu ne: masauki mai shingen da babur zai kwana lafiya, man da ba a gauraya ba, mai facin da ya iya gyaran taya marar tib, da motar da za ta ɗauko babur idan ya lalace, domin kayan gyaransa sai Abuja ko Legas. Garuruwan Dikko da Lambata da Paiko, da ke jere a kan hanyar Suleja zuwa Minna, kowannensu zango ne da Allah Ya riga Ya ajiye a inda ya dace. A Lambata ne ma hanyar Lapai da Agaie da Bida ta rabu da ta Minna, ga gidajen mai, ga masu abinci, ga masu faci. Abin da mahayin da ya sauka a nan da tsakar rana ya fi nema shi ne rumfa mai inuwa da benci, da ruwan sanyi, da wurin alwala, da mai gadin da zai tsaya a kan babura da kayansu har masu su su gama cin abinci.